Jigon da Aka Sa wa Takalmi

Wani ne a Withington, nan kudancin Manchester, Allah ya jarrabe shi da abu biyu: son a kira shi Kyaftin, da ƙin a ce bai ji Turanci ba. Na biyun ya fi tsanani. Shekararsa goma sha ɗaya a ƙasar nan, ya yi digiri na biyu, yana aiki a ofis mai kafet, kuma tun ranar da ya sauka a filin jirgi ba a taɓa jin ya ce wa Bature "me kake nufi?" ba. Ko me aka faɗa masa, amsa ɗaya gare shi: "Of course, of course." An ce akwai ranar da nas a asibitin GP ta tambaye shi ko yana shayarwa, ya ce of course.

Shi kuwa ciwon Kyaftin, a bakin teku ya kwaso shi, wata rana da suka je shan iska da iyali. Ya hango wani dattijo tsaye a kan jirgin ruwa mai tanti, da farar hula, iska na tura shi, mutane na ɗaga masa hannu. Shi ke nan. Mutumin da duk ruwan da ya taɓa shiga a rayuwarsa bai wuce na baho ba, ya dawo gida ya shiga intanet neman jirgi. Ya kuwa samu. A ina? A Birmingham, garin da in kana son ganin teku sai ka cika tankin mota.

Ya kwashi abokansa biyu, Rabe da Taufiq, suka tafi ɗauko shi. Mai jirgin wani tsoho ne, sunansa Jabez, ya shekara arba'in yana gyaran jirage a bakin wani dam. Jirgin ɗan ƙarami ne, da ɗan ɗaki a cikinsa, da doguwar sanda da ake ɗaura wa tanti, ita ce jigo. Shi jigon ba a kan rufin jirgin yake zama ba. Akwai rami a rufin, ta nan ake zura shi har ƙafarsa ta sauka a ƙasan ɗakin. Ku riƙe ramin nan a ranku, don a kansa komai ya lalace.

Jabez ya durƙusa a bakin ramin, ya ce da Turancinsa na Birmingham mai fita ta hanci, "Ka ji, ɗana, jirgin nan lafiyarsa ƙalau, in ban da nan wurin. Abu uku za ka yi. Ka sami wedges kamar goma sha biyu, ka buga su kewaye da jigon har ya daina motsi. Ka sa masa boot saboda ruwa. Sannan ka kula da partners ɗinka, don su ne ke riƙe da shi." Ya nuna dama, ya nuna hagu. "Wannan ba laifi. Ɗayan kuwa ya ruɓe."

To, a bakin masu jirgi, wedges 'yan guntayen katako ne masu tsini, da ake bugawa a matse jigo. Boot roba ce da ake naɗa wa bakin ramin don kada ruwa ya shiga. Partners kuma katakai biyu ne da ke ƙarƙashin rufin, dama da hagu da ramin. Amma ƙaddara ta sa a daidai lokacin Rabe na zaune a dama da ramin, Taufiq a hagu, suna cin gyaɗa.

Mutuminku ya dubi abokansa, ya gyaɗa kai a hankali. "Of course," in ji shi. "Na daɗe da lura."

Suna hawa babbar hanya, jirgi na bin su a tirela, Rabe ya ce, "Wai me tsohon nan ya ce da ya nuna mu?"

"Ya ce ɗayanku ya ruɓe."

"Ɗayan wa?"

"Ɗayanku mana, partners ɗina. Kallo ɗaya ya yi muku ya gane. Experience ke nan."

Taufiq ya ce, "Ba dai ni ba. Ni ina zuwa gym."

"Gym ɗin da ka yi register a Janairu, ka je sau ɗaya ka ɗauki hoto?"

"Kai da ko bene ɗaya sai ka jira lift?"

"Ni aka fara nunawa, kuma wanda aka fara nunawa shi ne ba laifi."

"Daga ina aka fara? Daga damarsa ko daga damarka?"

Haka suka yi ta yi har Manchester. Abotar shekara tara ce, amma ranar ko sallama ba su yi wa juna ba da za su rabu.

Aka ajiye jirgi a ƙofar gida, daidai inda matarsa Zinatu ke ajiye motarta. Ya ce mako biyu ne. Ya sayi farar hula mai zare na zinariya. Ya canza sunansa a group ɗin 'yan gari ya koma Kyaftin. Kowace Lahadi sai ya fito da bokiti ya wanke jirgin, ya goge, ya ja da baya ya tsaya yana kallo kamar wanda aka yi wa haihuwa. Yana son jirgin nan da gaske, wannan kam ba wasa. Abin da bai yi ba kawai shi ne sa shi a ruwa.

Wata takwas ana haka. Zinatu na ajiye mota a layi na biyu, ta taho da kayan cefane a hannu cikin ruwan sama. Council, wato hukumar gari, suka rubuto takarda sau biyu. Kyanwar maƙwabta ta haihu a ɗakin jirgin. Wayoyin ƙarfen da ake ɗaure jigo da su a gefe da gefe kuwa, Zinatu ta kwance su ta yi igiyar shanya a bayan gida. Da ya gani bai damu ba, don shi a ganinsa wayoyin ado ne.

Ran nan yayan Zinatu, Dokta Abdurrahman, ya zo daga Perry Barr, can Birmingham. Mutum ne mai sanyin murya, ba ya zagi, sai dai ya yabe ka har ka rasa inda za ka sa kanka. Ya tsaya a ƙofar gida ya ƙare wa jirgin kallo.

"Kyaftin, ya teku?"

"Alhamdu lillahi, Yaya."

"Ma sha Allah, na ga ya yi tafiya. Zuwana na baya yana kusa da bin ɗin shara."

Zinatu ta ce, "Bin ɗin aka matsar, Yaya."

Aka zauna cin abinci, sai ta ajiye cokali. "Baban Hana, ga Yaya nan shaida. Ranar Asabar mu kai jirgin nan dam ɗin da ka ɗauko shi. In ya tashi daga wannan baki ya kai wancan, ni da bakina zan kira ka Kyaftin a gaban kowa. In bai kai ba, ƙasa zan cika shi da ita in shuka alayyafo." Ta buɗe jaka ta fito da 'yar takardar iri ta ajiye a tebur. "Na ma riga na saya."

Mutuminku ya dubi takardar irin, ya dubi jirginsa ta taga, ya hango shi cike da taki, alayyafo na leƙowa ta ramin jigo. Amma da ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Of course."

Washegari ya tuna da abu ukun Jabez. Partners dai yana da su, duk da ɗaya ruɓaɓɓe ne. Saura biyu. Ya ɗauki zare ya auna kaurin jigon, ya tafi shagon takalma.

Mai shagon ta ce, "Wane size?"

Ya fito da zaren.

"Na ƙafarka ne wannan?"

"Ba ni ba ne. Na jigo ne."

"Shi ba zai iya zuwa ya gwada ba?"

"Ba ya tafiya. Tsayinsa ƙafa ashirin da biyar."

Ta dube shi, ta dubi ƙofa. Ta kawo masa takalmin roba na ruwan sama, kore, lamba goma sha uku, mafi girma a shagon. Ya ce ƙafa ɗaya yake so. Ta ce ba a sayar da ɗaya. Ya ce to hagu ake sa wa jigo ko dama? Ta ce ita kwana huɗu ke nan da fara aiki.

Sai ya kira Jabez a waya. "Mr Jabez, boot ɗin nan, left or right?"

Tsohon ya ƙyalƙyale da dariya har da tari. "Kai ɗan ban dariya ne! Duk wanda ka ga dama, ɗana, in dai ya matse."

Ya kashe waya yana murmushi. Ya ce a ransa, ka ga amfanin jin Turanci.

Daga nan ya zarce Fallowfield, shagon kaza inda 'yan makaranta ke layi. A can ai kowa ya san wedges: soyayyen dankali ne, yankan tsini. Ya ce a ba shi guda goma sha biyu. Mai shagon ya ce ba a ƙirga, da kwali ake sayarwa. Ya ɗauki kwali ɗaya, ya dawo gida, ya hau jirgi, ya zura muciyar Zinatu a ramin don gwaji, ya jera dankali kewaye da ita, ya ɗauko guduma ya buga kamar yadda aka ce masa. Dankali ya koma fate.

Ya tsaya ya yi nazari irin na masu digiri na biyu. Ya gano matsalar: dankalin ya yi kaɗan. Ya koma ya yi odar kwali takwas na ranar Asabar.

Zinatu ta same shi yana kankare gudumar. "Me kake yi da dankali a jirgi?"

"Technical ne, ba za ki gane ba."

"In dankali kake so, kawo in soya maka mana. Me ya sa za ka je shago?"

Zinatu mace ce ta gari, kuma tuwonta da miyarta ba na biyunsu a Manchester. Amma in ta sa dankali a mai, sai ta tafi ta yi waya da Kano. Shekara biyu da suka wuce dankalinta ya fasa masa haƙori, ya ce mata tsakuwa ce a shinkafar biki. Har yau bai gaya mata gaskiya ba, don yana son zaman lafiya.

"A'a, kada ki wahalar da kanki," in ji shi. "Wannan aikin professional ne."

Ranar Asabar da hantsi aka hallara a bakin dam. Dokta Abdurrahman ya zo da matarsa Habibatu da kujerun zama biyu. 'Yan group sun fi mutum ashirin, kowa da waya a hannu, don an ce akwai abin kallo. Mutuminku ya sa farar shadda, ya ɗora rigar ceto ruwan lemo a kai, ya kafa hular Kyaftin. Jabez yana can ɗaya gefen yana gyaran wani inji, ya ɗago masa hannu daga nesa.

Aka tura jirgi ruwa. Aka taru aka ɗaga jigo aka zura a rami. Kyaftin ya shiga ɗaki ya sa masa takalmin dama a ƙafa, ya ajiye na hagu a gefe saboda ko ta kwana. Ya fito ya buɗe kwalaye, ya cusa dankali kewaye da jigon, ya danna da babban yatsa, ya ƙara, ya danna. Ramin ya cinye kwali bakwai. Sannan ya tsayar da Rabe a dama, Taufiq a hagu.

"Ku rungume shi."

Rabe ya ce, "Har yaushe?"

"Har wancan baki. Ku ne ke riƙe da shi, haka tsarin yake. Yau za a san wanda ya ruɓe."

Jin haka kowa ya ƙanƙame jigon kamar ya ga ɗan'uwansa da ya ɓata.

Dokta Abdurrahman ya ɗaga murya daga kujerarsa. "Kyaftin, ni ban san harkar jirgi ba, likita ne kawai. Amma a sauran jiragen can ban ga an rungume komai ba."

"Su automatic ne, Yaya."

Aka ja tanti. Iska ta hura. Abin mamaki, jirgi ya motsa. Ya yi taku goma, ya yi ashirin, ya yi hamsin. 'Yan group suka ɗau tafi. Zinatu ta miƙe tsaye, hannunta a ƙirji. Shi kuwa ya kama sitiyari, ƙwalla ta cika masa ido, ya ɗaga wa mutane hannu daidai yadda dattijon nan na bakin teku ya yi. Wata takwas yake jiran wannan minti.

Sai ƙamshin dankali ya kai sama.

Kun san fararen tsuntsayen nan na bakin ruwa, 'yan ƙwace, waɗanda ke fizge abinci daga hannun yaro ba kunya. Ɗaya ya fara sauka a kan rufin, ya karkata kai, ya dubi ramin, ya zari dankali ɗaya ya tashi. Ya je ya ba da labari. Kafin a ce me, sun fi arba'in.

"Kyaftin! Suna cinye wedges!"

"Ku kore su!"

"Da wane hannu?"

"Da ƙafa!"

Taufiq ya kai shuri, tsuntsu ya kai masa sara a kunne. Rabe kuwa tun safe bai karya ba. Ya ga abu zai ƙare a banza, ya saki hannu ɗaya ya fara ceton abin da ya samu zuwa bakinsa.

Taufiq ya yi ihu. "Ka gani! Kyaftin, ka gani da idonka! Ga ruɓaɓɓen nan!"

"Ni nake riƙe da nauyin duka, kai jingina kawai kake!"

"Saki mu gani!"

"Kai saki mu gani!"

Suka saki tare.

Jigo ya yi lilo dama, ya yi lilo hagu, ba dankali, ba waya, ba partners. Aka fara yayyafi, ruwa na bi ta ramin yana zuba cikin ɗaki. Kyaftin bai rikice ba. Ya gane nan take cewa takalmin dama ne bai dace ba. Ya saki sitiyari, ya faɗa ɗaki, ya sunkuya zai ɗauko na hagu.

A daidai nan iska ta bugo da ƙarfi. Katakon nan da Jabez ya ce ya ruɓe ya ce ƙaras. Kan jigo ya tafi baya, ƙafarsa ta taso gaba, da takalmin roba lamba goma sha uku, ta sami Kyaftin a sunkuye ta shure shi a mazaunai. Ya tafi da ka ya shige ƙarƙashin benci. Tanti ya rufto ya lulluɓe Rabe da Taufiq. Hula ta fita ta taga tana yawo a kan ruwa. Ita kaɗai ce ta kai wancan baki.

Jabez ne ya zo da ƙaramin jirgin inji ya jawo su. Aka fito da su a jiƙe, 'yan group na ta ɗauka ta kowace kusurwa. Dokta Abdurrahman ya duba Kyaftin sama da ƙasa, ya ce, "Ba karaya. Sai dai shekarata ashirin ina aiki, yau na fara ganin wanda jirginsa ya kore shi da ƙafa."

Jabez ya hau jirgin. Ya leƙa ɗaki, ya ga takalmi a ƙafar jigo. Ya fito ya zauna a kan rufin, ya cire tabarau ya goge.

"Ɗana, mene ne wancan?"

"Boot."

"Boot roba ce. Nan sama ake naɗa ta, a bakin ramin."

"Of course."

"Su waɗannan biyun me suke yi a jikin jigo?"

"Partners."

Tsohon ya ciro guntun ruɓaɓɓen katako ya ɗaga. "Ga partner ɗinka. Wannan na ce maka ka canza."

"Of course, of course."

Rabe ya dubi Taufiq. Taufiq ya dubi Rabe. Rabe ya ce, "Wato wata takwas ba ma gaisawa saboda katako?"

Zinatu dai ba ta yi dariya ba. Ta ga mijinta tsaye yana rawar sanyi, shadda ta manne masa a jiki, ba hula, yana kallon jirginsa kamar zai yi kuka. Tausayi ya kama ta. Ta cire mayafinta na sama ta yafa masa, ta mai da takardar irin alayyafo cikin jaka ta ja zif.

"Yaya," in ji ta a hankali, "ai ya yi ƙoƙari. Ya yi taku hamsin. A ƙara masa wata guda, ya gyara."

Dokta ya ɗaga kafaɗa. Mutuminku ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Jirginsa ya tsira.

Sai Jabez ya zura yatsa a bakin ramin, ya lakato wani abu rawaya. Ya shinshina. Ya ɗanɗana.

"Wannan kuma fa?"

"Wedges."

"Dankali?"

"Kai ka ce wedges."

Tsohon ya dafe kai da hannu biyu. "Masu tauri, ɗana! Irin waɗanda za ka buga da guduma ba su fashe ba, ka sa haƙori haƙorin ya karye! Katako, katako!"

Fuskar mutuminku ta washe. Karon farko cikin shekara goma sha ɗaya ya fahimci Bature sarai. Ya juya wurin Zinatu, a gaban Yaya, a gaban wayoyi ashirin, ya ce:

"Kash! Ai da na bari kin soya mana naki, da yanzu muna Faransa."